Kujera Ta Takwas

Kujeru takwas aka jera a gefen teburin, amma mutum bakwai ne suka zauna. Auta ta dubi ƙofa, ta dubi agogo, sannan ta saci kallon babban madubin da ya cinye rabin bangon ɗakin. Sunan madubi kawai gare shi. A bayansa akwai wani ɗaki mai duhu, inda mutum uku daga kamfanin da ke yin abin sha suke zaune da kofunan shayi, suna ganin kowa, babu mai ganinsu.

'Yan dakon bakwai sun ci ado da rigunansu na fita unguwa, sanyin na'ura ya sa duk sun rungume hannuwa. Mutanen da suka saba da buhu a wuya, yau ga su a kujera mai juyawa. Ɗayansu ya juya sau biyu, sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Oga, shugabanta a wurin aiki, ya leƙo ya yafito ta. Ta same shi a baranda.

"Ina na takwas?"

"Dogo ne, ranka ya daɗe. An kwantar da shi asibiti tun jiya. Wai ƙoda ce."

"Allah ya ba shi lafiya. To wa zai zauna?"

"Ko mu yi da bakwai ɗin?"

"Takwas aka rubuta a yarjejeniya, takwas za su gani. In suka ga kujera ba kowa, sun tashi ke nan, aikin kuma ya bi su." Ya gyara tsayuwa. "Ran Juma'a ko wa'adin gwajin aikinki yake cika?"

Ya sani sarai. Oga ba ya tambayar abin da bai san amsarsa ba. Idonsa ya wuce ta ya sauka can ƙarshen baranda, inda wani ƙaƙƙarfan mutum yake zaune a benci da hula a gwiwa.

"Wancan fa? Ba ɗan dako ba ne?"

"Yayana ne. Rakiya ya yi musu."

"Ya taɓa shan ƙwayar?"

"Ya daina. Wata tara ke nan."

"Takardar tantancewa cewa ta yi wanda ya sha cikin shekara guda. Tara ba ta kai sha biyu ba. Kin ga ya shiga."

* * *

Shekara bakwai Auta ta yi a jami'a tana karatun halayyar zaman jama'a. Kundin digirinta na biyu a kan 'yan dakon babbar kasuwa ta rubuta shi, da ƙwayar kashe gajiya da suke haɗiya don su iya wuni a ƙarƙashin kaya. Kafin a bar ta ta yi wa ko mutum ɗaya tambaya, sai da wani kwamiti ya yi wata huɗu yana juya takardunta. Wani tsohon farfesa har ya sa ta cire tambaya guda, wai za ta iya tayar wa wanda ya daina da tsohon kwaɗayi. A lokacin haushinsa ta ji.

Yaya ne ya kai ta cikin kasuwar, ya tara abokan aikinsa a inuwar wata babbar mota ya ce, "Ƙanwata ce. Ku faɗa mata gaskiya, ba ta kai ƙarar kowa." Suka kuwa faɗa mata, har abin da matansu ba su sani ba.

Aka ɗaure kundin da baƙin bango, aka yaba, aka ɗora a kantar ɗakin karatu. Shekara biyu tana yawo da takardun neman aiki har takalminta ya san hanyar kowane ofishi. Rannan aka kira ta wannan kamfani, mai yi wa 'yan kasuwa binciken abin da jama'a suke so, sai ta tarar da kundinta a teburin Oga, an naɗe kusurwar shafi a babi na huɗu. Ta ji daɗi har cikin ranta, domin ban da masu jarrabawa, shi ne mutum na farko da ya taɓa karanta shi.

Abin da babi na huɗu ya ƙunsa kuwa shi ne, cikin waɗanda suka daina ƙwaya suka koma, kusan duk ta hanya ɗaya suka bi. Da ƙaramar kwalbar abin sha mai sa kuzari suke farawa, abin da ba doka ta hana ba. In jiki ya tuna, sai a jefa rabin ƙwaya a ciki. Ita gargaɗi ta rubuta. Ashe akwai masu karanta shi da wani idon.

Ta san hanyar nan ba a takarda kaɗai ba. Wata tara da suka wuce Yaya ya yanke jiki ya faɗi da buhu a wuya, aka kawo shi gida a baro. Mako uku Inna, mahaifiyarsu, tana danne shi yana karkarwa yana roƙon a ba shi ko rabi ne. Har yau in ya yi jinkirin dawowa, a bakin ƙofa ake samunta.

* * *

Yaya ya riga ya ji komai, barandar ba ta da faɗi. Ya taso yana sa hula.

"Auta, mutum ake nema? Ai in zama ne, na iya zama."

"Akwai ɗanɗanawa, Yaya."

"To mene ne a ciki? Ai ba ƙwaya ba ce." Ya rage murya. "Shekara biyu kina zaune a gida. Kar ki sa Inna ta koma yi miki addu'ar aiki, bakinta ya gaji."

Ta jira ta ji wani abu ya taso mata, fushi ko tsoro ko kuka, wanda zai ce a'a a madadinta. Ba abin da ya taso. Ji ta yi kamar an cika mata ƙirji da auduga. Oga ya miƙo takardar amincewa, Yaya ya dangwala hannu ba tare da an karanta masa ba. Abin da ya ci wata huɗu a jami'a, nan ko minti ɗaya bai ci ba.

Ta zauna a kan gaba ta karanta gabatarwar da aka rubuta mata. Babu amsar daidai, babu ta kuskure. Duk abin da kuka faɗa sirri ne. Ba ta kalli madubin ba sa'ad da take faɗin haka.

Aka kawo ƙananan kwalabe iri uku marasa suna, mai jan murfi da mai kore da mai fari. Mazan suka sha suna tsokanar juna.

"Wannan mai farin ai ruwan wanke kofi ne."

"Kai da ba a taɓa ba ka abu kyauta ka yaba ba!"

Yaya ya daɗe yana juya mai jan murfin a hannu. Ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sai ya lumshe ido. Auta ta san wannan lumshewar, a shafi na tamanin da uku na kundinta ta bayyana ta. Ya ɗaga kwalbar ya shanye.

Wayar aikin da ke gabanta ta yi haske, saƙo ne daga bayan madubi: Na kujera ta takwas. Tambaye shi me ya ji.

"Me ka ji, malam?" A wurin aiki ba a cewa Yaya.

"Wannan ya san hanya," in ji shi a hankali. "Kai tsaye ya tafi inda gajiya take."

Wayar ta sake haske: Madalla! Tambaye su wanne zai fi tafiya da abin da suka saba sha.

Ta karanta sau biyu. Irin tambayar da tsohon farfesa ya sa ta cire ce, an dai sake mata riga. Ta ji muryarta tana yin tambayar, sumul, ba ko gargada. Hannuwa takwas suka nuna mai jan murfi.

Da aka tashi, aka ba kowa katan guda na mai jan murfin don gwajin gida: kwalba biyu kullum har kwana goma sha huɗu, da katin da za a riƙa cikewa kowace safiya. Yaya ya saɓa nasa a kafaɗa kamar ba komai a ciki. Oga ya ɗaga mata babban yatsa daga bakin ƙofa.

* * *

Ran Juma'a aka ba ta takardar tabbatar da aiki. Inna ta sa aka karanta mata sau uku, ta sa a leda, ta rataye a ƙusar da ke saman gadonta.

Yaya bai yi nisa a makaranta ba, don haka Auta ce take cike masa katin kafin ta fita. Safiyar kwana na tara ta same shi a bakin ƙofar ɗakinsa yana ɗaure takalmi. Shayinsa na gefe ya huce, bai taɓa ba. Ƙafarsa tana rawa, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna, alhali ba komai a bakinsa.

"Jiya kwalba nawa ka sha?"

"Ai katan ɗin ya ƙare tun shekaranjiya. Na karɓi na wani, shi bai dame shi ba." Ya yi dariya mai sauri. "Jiya ni kaɗai na sauke rabin mota, Auta. Yaran nan sai kallona suke yi."

Ta duba katin. Gidan amsar ba ya karɓar fiye da kwalba biyu, ta rubuta biyu.

"Ka haɗa shi da wani abu? Eh ko a'a."

Ya ci gaba da ɗaure igiyar da ya riga ya ɗaure.

"Yaya."

"Rubuta wanda zai gyara miki aiki."

Ta riƙe biro a kan takardar. A ofis an ce musu kada a bar gida ko ɗaya ba a cike ba, kwamfuta ba ta karɓar kati mai giɓi. Ta san amsar gaskiya, ta kuma san ita ce amsar da mutanen bayan madubi za su fi murna da ita. Ta yi alama a kan eh. Hannunta ko rawa bai yi ba, wannan ne ma ya fi ba ta tsoro, shi ma tsoron daga nesa ta ji shi.

Yaya ya miƙe, ya yi wa Inna sai na dawo, ya fice da saurin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Inna tana tsugune a bakin famfo tana wanke ƙananan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana kife su a kan dakalin taga su tsane. Ta ce suna da kyau, za ta riƙa zuba man shafawa a ciki.

"Kin ga yayanki kwana biyun nan? Ƙarfinsa ya dawo." Ta yarfe ruwan hannunta. "Da a kasuwa ya samo shi, wallahi da ban bari ya shigo mini gida da shi ba. Amma tunda daga ofishinku ya fito, ku da kuka yi karatu, hankalina kwance yake. Yanzu ko bakin ƙofa na daina tsayawa."

Auta ta buɗe baki, sai ta ga saura tambaya ɗaya a ƙasan katin, wadda ta manta ba ta yi masa ba. Idan wannan abin sha ya shigo kasuwa, za ka saya? Gidaje biyar ne a jere, daga sam har zuwa tabbas.

Ta yi alama a gida na biyar, ta sa katin a jaka.

"Auta," in ji Inna, tana ɗaga wata kwalba a rana ta ga ko ta fita, "in ya ƙare, ki roƙa masa wani."