Fuskar Mahdi a Bakin Dodo

Dutsen farko ya sami Abdulfatah a kafaɗa yana kan tsani, buroshi a hannunsa. Bai faɗo ba sai da aka fizge tsanin.

Maƙwabcina ne, mai zanen allunan shaguna. Aibinsa ɗaya: bai iya ƙirƙiro fuska daga kansa ba, sai dai ya ari ta wanda ya sani. Rabin mazan layinmu suna jikin shagunan aski har Gada Biyu, babu wanda ya taɓa ƙorafi. A wannan karon mai gidan kallo ne ya sa shi ƙawata bango. Ya zana dodo mai fukafukai da kawuna uku, da sarki riƙe da sandar wuta, da wani mutum da dodon ya haɗiye wa ƙafar dama. Fuskar mutumin ta Mahdi ce, mahauci a mayankar Abattoir. A makon ne tirela ta take ƙafar Mahdi ta dama, likitoci suka yanke ta.

Lukuman, ƙanen Mahdi, ya hango ni a cikin taron da ya kewaye Abdulfatah.

"Yauwa, ga Baba Akawu. Kai ka yi boko, fassara mana wannan."

Na shafe shekaru ina fassara umarnin gwamnati, wanda ya fi dodo wuyar ganewa, don haka na gyara murya. Na ce dodon zalunci ne, sarkin kuwa ceto ya kawo, ga sandarsa ta nufi wuyan dodon.

"Ceto? To ina ƙafar yayana?"

"Oga Lukuman, wallahi fenti ne kawai," in ji Abdulfatah daga ƙasa, bakinsa duk jini. "Gemunsa ne ya ba ni sha'awa. Ku bari in goge yanzu."

"Kada ku bar shi!" wata mata ta ƙwalla. "Ya zana ƙafa, ƙafa ta tafi. In ya goge fuskar, Mahdi ya mutu!"

Tafsirinta ya rinjayi nawa. Aka bangaje ni cikin kwata. Daga can na ji saukar gora, sannan na ga bulo ya tashi sama a hannu biyu. Suwaiba, matar Abdulfatah, ta kifa a kansa tana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, domin duk ta san su. Suka janye ta, suka ci gaba.

'Yan sanda sun iso a kan lokacinsu, wato bayan an watse. A cikin keke napep, a hanyar asibiti, Abdulfatah ya cika, kansa a cinyata.

Har yau ba a sami mai ƙarfin halin goge zanen ba. Mai gidan kallon ya buga kwanon rufi a kansa, amma kwanon ya gaza. Wutsiyar dodon tana leƙowa ta ƙasa, koriya shar, kuma da rana awaki kan kwanta a gindinta.