Mutumin da Ke Cikin Kwat ɗin Dawuda

"Ka rage gudu, gilashi na riƙe," in ji Malama Dinah, ta ƙara rungume hoton da ta naɗe cikin tsohon zane.

Ɗan kabu-kabun ya kauce wa wani rami da ruwan jiya ya cika. A bayansu wani babur na biye, ɗauke da Dakta Abubakar Siddiƙ, malamin adabi da ya zo daga Sakkwato, ya tattare babbar rigarsa a cinya saboda taɓo. Dawa ta yi tsayi a gefen hanyar Dabai har ta rufe gindin tuddai.

Ranar Asabar makarantar sakandaren da Dinah ke koyar da Hausa za ta buɗe ɗakin karatu da sunan Dawuda Rikoto, marubucin nan ɗan Zuru da ake karanta littattafansa a makarantu. Ya daɗe da rasuwa, kuma babu wanda ke da hotonsa. Dinah tana 'yar makaranta ta fara karanta shi, ranar da ta ga sunan kasuwarsu da noman kan dutse a cikin littafi, ta kasa yarda cewa ana rubuta irinsu. Shi ya sa da Francis mai shagon hoto ya kira ta ya ce ya tsinci wani abu a kayan marigayi babansa, wanda shi ma mai hoto ne, ba ta tsaya cin abinci ba. Hoto ne baƙi da fari: saurayi cikin kwat, da littafi a hannu, yana kallon gefe. Francis ya ce tun yana yaro yake jin babansa na kiransa "hoton marubuci". Dinah ta kai wa shugaban makaranta, aka yi murna, aka buga babba za a rataye a bango.

Sai ga Dakta, wanda aka gayyato ya yi jawabi, ya tsaya gaban hoton ya ƙura masa ido.

"Malama, wanga hoto ban natsu da shi ba," ya ce. "Duk wanda ya san Dawuda ya ce siriri ne, ba ya rabuwa da tabarau. Dubi kafaɗun wanga. Dubi takalminsa, na soja ne."

"Dakta, a Zuru kowane gida akwai takalmin soja. Ni kaina na sa na babana na je gona."

"Kwat ɗin ma ya matse shi."

"Saurayi ne, tela ya rage yadi. Littafin fa? Mai hoton fa, ƙarya zai yi wa ɗansa?"

Suka yi ta yi har shugaban makaranta ya gaji ya ce su je Dabai, akwai ƙanwar Dawuda da rai, duk abin da ta faɗa shi ke nan. Dinah ta amince da baki kawai. Ta riga ta gaya wa ɗalibanta cewa ranar Asabar za su ga fuskar mutumin.

Sun tarar da Mama Hannah a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa a faranti. Tsohuwa ce ƙarama, muryarta a tsaye. Dinah ta durƙusa ta gaishe ta da C'lela, yarensu na Zuru, sannan suka koma Hausa saboda baƙo. Aka kawo benci da ruwa.

"Mama, hoton yayanki muka samo," in ji Dinah. "Muna so ki duba mana."

"Dawuda?" Tsohuwar ta yi dariya. "Wa ya kama shi ya tsayar? Ko ranar aurensa bayan ɗaki ya gudu da ya ga mai hoto."

Dakta ya gyara zama. Dinah ta warware zanen, ta ɗora hoton a cinyarta. Mama Hannah ta karkata shi wajen haske, ta kawo shi kusa da ido. Dariyar ta tsaya. Farantin ya zame, gyaɗar ta watse a ƙasa, kaji suka taso, ba ta ko kore su ba.

"Kwat ɗin na Dawuda ne," ta ce a hankali. "Littafin ma nasa ne."

Dinah ta waiwayi Dakta.

"Amma wannan Aaron ne. Mijina."

Tsohuwar ta sa bakin ɗankwalinta ta goge gilashin, duk da babu ƙura a kai.

"Lokacin yaƙin basasa ne," ta ce. "Aurenmu bai shekara ba aka kira su fagen daga. Dawuda ya zo hutu daga Zariya, ya ce ba za a tafi da mutum a bar ƙanwarsa ba ta da abin kallo ba. Ya ja shi kasuwa wajen mai hoto. Aaron ya ce shi ba ya son a ɗauke shi da kaki, yana so in riƙa ganinsa kamar malami. Sai Dawuda ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba shi, ya miƙa masa littafi. Da suka dawo suna ta dariya, wai maɓalli ya ƙi shiga, kuma da farko a kife ya riƙe littafin."

"Bai dawo ba, Mama?" Dakta ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Bai dawo ba. Ko kabarinsa ban sani ba. Da na tambayi Dawuda hoton, ya ce mini bai fita ba, ya lalace wajen wanki." Ta girgiza kai. "Wataƙila ya ga yadda nake a lokacin, ya ji tsoro. Ina da ciki, ba na ci, ba na barci. Daga baya kuma kunya ta hana shi cewa ga shi. Haka yake, ya iya rubuta magana, bai iya faɗarta ba."

Dinah ta ji kunya da baƙin ciki sun taso mata tare. Ta tuna babban hoton da ke jingine a ofishin shugaban makaranta, da yadda ta ɗaga murya a gaban baƙo. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai tsohuwar ta kamo hannunta ta riƙe gam.

"'Yata, wa ya aiko ki? Na yi ta roƙon Ubangiji kada in manta fuskarsa, amma ta ɓace mini tuntuni. Muryarsa kawai nake ji. Yau ga shi kin kawo mini shi har gindin mangwaro. Allah ya yi miki albarka. Ya yi wa mai hoton nan rahama da bai jefar ba."

"Mama, ba ni ba ce," in ji Dinah, idonta ya cika. "Da ta ni ce, da yanzu yana bango da sunan wani. Dakta ne ya ƙi yarda."

"To kai ma Allah ya saka maka, ɗana, da gardamarka."

Dakta ya sunkuyar da kai. "Amin, Mama. Ni takalmi kawai na gani. Malama ce ta ce kwat da littafi ba su zo nan a banza ba, kuma ga shi ta yi gaskiya." Ya ɗago ya dubi tsohuwar. "Na shekara ina bin labarin Dawuda wajen mutane, ban taɓa jin wanda ya ce ya tuɓe rigarsa ya ba wani ba. In kin yarda, ranar Asabar ki zo ki faɗa wa yara wane ne shi. Ya fi jawabina."

"Ni da ban yi boko ba?"

"Ke kika san shi."

Tsohuwar ta ce za ta zo in an aiko da mota, ƙafarta ba ta hawa babur. Sannan ta ɗaga murya ta kira matar ɗanta daga madafa, ta ce a je gona a kira ɗan nata Solomon, ya bar duk abin da yake yi.

Dinah ta koma gefe ta kira shugaban makaranta. Ta gaya masa ba Dawuda ba ne, kada a rataye. Ya ce to me za a sa a bangon? Ta ce a bar shi haka, kuma babban hoton ma Dabai za a kawo shi. Ta yi mamakin yadda maganar ta fito mata da sauƙi.

Solomon ya shigo da fartanya a kafaɗa. Dattijo ne, furfura ta cinye masa gemu, jikokinsa ne ke wasa a ƙofar gida. Ya gaida baƙi, ya dubi uwarsa.

"Lafiya, Mama?"

"Wanke hannunka ka zo."

Ya wanke a bakin randa, ya goge a wando, ya zo ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa masa hoton.

"Babanka ke nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, daga fuskar zuwa takalmin, ya sake komawa fuskar. Dinah ta ga haɓar iri ɗaya ce, da yadda kunnen ya ɗan buɗe. Dakta ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Mama," in ji Solomon, bai ɗago ba, "ashe yaro ne."

"Yaro ne," ta ce, ta ɗora hannu a kan furfurarsa. "Ka girme shi tuni."