Hancin Gidanmu

Shekara tara ina aiki guda: rarraba ƙwayoyin gadon da ke sa hancin mutum ya ji ƙamshi da wari. Ɗaruruwa ne, kuma sun yi kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ina duba su a kwamfuta, in ce wannan dangin kaza ne, wancan ɗan uwansa ne, in ba kowa lamba. Mai aiki ya shiga layin rayayyu. Wanda ya lalace, yana jiki amma ba ya tsinana komai, ya shiga layin matattu. Kowa yana da nasa matattun, sai dai ba ya sani.

Bara Farfesa, shugaban ɗakin bincikenmu, ya ce kowa ya kawo yawun iyalinsa mu ga yadda gadon ke sauka. Na kawo kwalba huɗu: tawa, ta maigidana, ta 'yarmu, da ta Umma, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu. Ba a sa suna, sai lamba. Amma ranar baƙin birona ya ƙare, da kore na rubuta namu, don haka ko daga nesa ina gane su.

Kwana uku ke nan maigidana yana damuna da maganar kicin.

"Dakta, wallahi akwai wari wajen tukunyar gas ɗin nan."

Na sunkuya na shaƙa, ban ji komai ba. Umma ta shaƙa, yarinyar ma ta shaƙa, duk shiru.

"Mu uku ba mu ji ba sai kai?" na ce masa. "Ni da hanci ne sana'ata?"

Ina da baki, ba na musu. A gaban surukarsa na wanke shi tas, har Umma ta juya baya tana dariya. Yau da safe ya yi tafiya. Kafin ya fita ya buɗe tagar kicin, ya ce in kira mai gyara. Na ce to, irin to ɗin da ake yi don mutum ya tafi. Ina ɗaukar jakata aka fara ruwa, na ji Umma tana rufe tagar.

Wajen sha ɗaya da rabi Dogo, abokin aikina mai gwada mutane da kwalaben wari, ya ajiye takarda a teburina, bakinsa har kunne.

"Ƙwayar nan taki ta dangi na bakwai, wadda ba mu san aikinta ba, ta faɗi sunanta. Kin san gas ba shi da wari, zuba masa ake yi don a gane in yana zuba. To, duk wanda tasa ta mutu, na ba shi kwalbar warin nan ya shaƙa ya ce ruwa ne."

Na buɗe jerin iyalanmu. Mutum arba'in da ɗaya, uku kacal ke layin matattu a kan wannan ƙwayar. Ni da hannuna na sa su can wata biyar da suka wuce, har na yi murna na samu abin da ba a cika gani ba. Ban waiwayi kwalaben ba sai yau. Na buɗe firiji na jawo akwatin. Duka ukun da koren biro aka rubuta su. Ta huɗun, ta maigidana, lafiyarta ƙalau.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata, kuma Umma ba ta saɓa ɗora tukunya da sha biyu. Yarinyar tana gida, mura ta hana ta makaranta.

Na kira wayar Umma, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Umma kunnenta ya yi nauyi, kuma in ta ɗauki waya ajiye ta take yi a kan tebur, ta ci gaba da aikinta tana magana daga nesa. A na uku ta ɗauka.

"Umma, kada ki kunna wuta. Ku fita waje, ke da yarinyar."

"Me kika ce? Wuta? Ai mijin nan naki ya ba ni haushi yau. Ashe ya kwashe ashanar gidan kaf ya tafi da ita, har ta cikin durowa."

Na dafa teburin. Kunyarsa ta kama ni, da godiyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Mutumin da na ci wa fuska bai tsaya musu da ni ba, ya yi abin da zai iya.

"Alhamdu lillahi. Umma, saurare ni da kyau..."

"Kada ki damu," ta ce, muryarta tana yin nisa. Na ji ta ajiye wayar. "Na aro a maƙwabta. Riƙe, in ɗora ruwa in dawo."

Na kira sunanta da ƙarfin da ya sa Dogo ya saki kwalbar da ke hannunsa. Ta cikin wayar ina jin ruwa yana dukan tagar da ke rufe, ina jin tarin 'yata kusa da ƙofar kicin. Sai na ji Umma ta girgiza kwalin ashanar, kamar yadda take yi kullum don ta ji ko akwai saura.