Ɗigon Man Kifi

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Na'ura yana tura kawunan mutane cikin injin hoton ƙwaƙwalwa, kuma bai taɓa tura ko ɗaya ba sai ya manna masa ƙwayar man kifi a gefen goshi na dama. Ƙwayar tana fitowa a hoto, ɗigo fari tas, don a san ina ne dama, ina ne hagu. Matasan likitoci ba sa gajiya da yi masa tsiya: "Baba, kwamfuta ta san dama da hagu. Wannan layar taka ta mece ce?" Shi dai sai ya ja salatef ɗinsa ya ce wa mai shiga ya gyara kwanciya.

Dakta kuwa, wata mai bincike a sashensu, a hannunsa ta tashi, in dai maganar aiki ce. Tana ɗaliba ta zo, shi ya koya mata yadda ake lallashin tsoho ya kwanta minti arba'in bai motsa kai ba. Yanzu shekara huɗu ke nan tana bincike a kan tsofaffi masu jin harshe biyu. An san galibi ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da magana, amma a hotunanta, da tsofaffin sun fara tuno kalmomi, dama ce ke haskawa. Abu ya yi amo. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban kwamitin jami'a, kuma kujerar farfesa a kan wannan aikin ta rataya.

Ranar Talata da hantsi ta kira shi ofis, wai ya zo ya sa albarka. Ta haska hotunan a bango. Baba ya gyara tabarau, ya matso. Ɗigonsa yana gefen da aka rubuta hagu. Sabuwar manhajar da aka kawo musu ta birkice hotunan kamar madubi. Wato abin da ke haskawa hagun nan ce da kowa ya sani, babu wani sabon labari.

Wallahi ya so ya haɗiye maganar. Ta ƙi haɗiyuwa.

"Dakta, ki yi haƙuri da tsoho. Ni a dama nake mannawa."

Ta dubi bangon ta daɗe. Ta buɗe hoto na biyu, na biyar, na talatin. Duk haka suke.

"Baba, ban da kai wa ya gani?"

"Babu kowa, 'yata."

Ya ja ƙafa ya fita. Kwana biyun nan abinci bai yi masa daɗi ba. Ya san yanke gefen hoto don ɗigon ya ɓace aikin minti ɗaya ne, ya kuma san manyan da suka yi abin da ya fi haka suna nan ana tashi tsaye in sun shigo. Tsoro yake ji, tsoron kada yarinyar nan ta ba shi kunya.

Ranar Alhamis ya raɓe a kujerar ƙarshe ta zauren taron, kusa da ƙofa. Dakta ta hau dandamali, ta gaida manya, ta danna kwamfuta. Hoton farko da ya fito ɗigon ne, ta ƙara masa girma har ya kai faranti, ta zagaye shi da jan layi.

"Abin da na aiko muku a rubuce kuskure ne," in ji ta. "Hotunan a juye suke. Ban duba ba, laifina ne. Ga yadda abin ya faru, don kada ya sami wani."

Minti arba'in ta yi tana kwance aikinta da hannunta, hoto bayan hoto. Da ta gama, shugaban kwamiti ya yi gyaran murya ya ce maganar kujera sai baɗi, in an sake nazari. Wani tsohon farfesa kuwa tuni ya ɗaga hannu yana tambayar sunan manhajar, fuskarsa duk gumi, don shi ma da ita yake aiki.

Da Baba ya koma gida da la'asar, matarsa ta tare shi tun daga ƙofa.

"Malam, ta samu?"

"Ba ta samu ba."

"Ikon Allah! To wannan washe bakin na mene ne?"

Ya cire hula, ya share ido da bayan hannu.

"Ke dai kawo abinci, yunwa nake ji. Ni na rene ta."