Gadin Jan Layi

Kafinta bai buɗe shago ba ranar. Ya jawo kujera gaban teburin 'yarsa, ya ƙura wa kwamfuta ido kamar mai jinya.

'Yar tasa, wadda yake kira Uwata, ita aka ɗora wa aikin ɗauke rumbun bayanan kamfaninsu daga tsohon tsarin kwamfuta zuwa wani. Oganta ya ce in mako ya ƙare abin yana faɗuwa, wani za a ba aikin.

Da safe ta yi masa bayani tana hamma.

"Baba, a tsohon tsarin, duk wanda ya zo neman bayani sai a ba shi ma'aikaci da ɗakinsa. Wani ya yi ɓarna, ɗakinsa kaɗai ya ɓata. Sabon kuwa gina ɗaki wahala yake ba shi. Sai na tara su ɗaki guda, teburi guda."

"Ke da yayyenki ma sai da na raba ku da filawud."

"Nan ba filawud. Makulli nake sawa, mai taɓa kaya ya kulle. To akwai inda biyu suke kai hannu tare, komai ya rushe, na rasa wajen. Ba kullum yake yi ba, sai ya ga dama."

Ta kunna gwaji, ta ce in koren rubutun da ke allon ya koma ja ya tashe ta. Ta miƙe a kan doguwar kujera, ko takalmi ba ta cire ba.

Rubutu na ta gudu, fankar kwamfutar na huci. Kafinta yana addu'a ƙasa-ƙasa kada jan nan ya fito. Matarsa ta leƙo da shayi.

"Malam, ka dai ƙifta ido. Kwamfutar ba za ta gudu ba."

Bayan azahar rubutun ya tsaya cak. Ja.

Ya dubi yarinyar, bakinta a ɗan buɗe kamar lokacin da take rarrafe. Ya dubi maɓallin kashewa. Wayarsa in ta rikice kashewa yake ya kunna, ta warke. In ya yi haka, yarinyar ta farka ta tarar da kore, wa ya sani? Har yatsansa ya taɓa maɓallin. Sai ya janye hannu, ya cusa a aljihu.

Ya taɓa kafaɗarta. "Uwata, sai haƙuri."

Ta zabura, ta karanta allon, sai murmushi.

"Baba, ba ka taɓa komai ba ko?"

"Ni? Me zan taɓa?"

"Da an kashe, da shaidar ta tafi. Ga su nan biyu, hannunsu a kan abu ɗaya. Nan na manta makulli."

Ta hau bugawa. Kafinta ya ɗauki shayin da ya huce ya shanye.

"To yanzu jan ne muke so, ko koren?"

"Yanzu kore. Zauna, Baba, gadi bai ƙare ba."