Gemun-Kainuwa a bangon lekol

Da meri, wato hukumar gari, ta ba Iliyasu aikin zane a bangon sabuwar lekol, makarantar bokon yara, ba ta wahalar da shi da sharuɗɗa ba: a zana dabbobin tatsuniya, irin waɗanda yaran Matameye suka tashi da jin labarinsu. Iliyasu ya daɗe yana ci-rani a Kano, yana zana zakuna a bayan kamiyo, manyan motocin kaya, zakunan da bai taɓa gani ba kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa. Wannan karon kuwa abu ɗaya yake so ya zana, wato Gemun-Kainuwa.

A daidai inda lekol ɗin take yanzu, da can tafki ne. Suna yara an ce musu wata dabba na kwance a ƙasan ruwan, gemunta duk kainuwa, tana jiran ƙafar yaro. Ko jifa ba sa yi a wurin. Yanzu an cike tafkin, yaran zamani ko sunan ba su sani ba, abin kuma yana damun Iliyasu ƙwarai.

Matsalar ita ce kamanni. Basira mai ƙosai ta rantse kunnuwan jaki gare ta. Wani ya ce bindin kada, wani ya ce ido ɗaya. Amma duk wanda ya tambaya a ina ya ji, amsa ɗaya ce: wajen Inna Shekara, mahaifiyar Iliyasu.

Ya same ta tana tsince wake.

“Inna, yaya kamanninta suke?”

“Ba a tatsuniya da rana,” in ji ta.

Ya dawo bayan magariba, ta ce barci take ji. Haka suka yi ta yi har ya haƙura. Ya haɗa kunnuwan da bindin da ido ɗayan, ya ƙara haƙora cike da baki, don dai kada wani ya ce an rage masa nasa. Amma ransa bai kwanta ba. In Inna ba ta ce ita ce ba, to ya san ɓarnar fenti kawai ya yi.

Ranar da ya gama, ya ɗauko ta a bayan moto, wato babur. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ba bangon kaɗai ba, har da ƙasan da take takawa.

“A nan aka tsamo Habibu,” ta ce.

Habibu wansa ne, wanda ya rasu Iliyasu na goye. Iyakar abin da aka taɓa gaya masa ke nan, ya rasu.

“Kainuwa ya shiga ɗebowa. Bayan sadakar bakwai na tara yaran unguwa a tsakar gida, na ba su labarin. Duk abin da ya zo bakina na faɗa, shi ya sa kowa da irin nasa. Ni ma ban san kamanninta ba, ɗana.”

Tausayinta ya kama Iliyasu. Can ya tambaye ta ko ya shafe zanen.

“Bar ta. Ta yi mini aiki.” Ta matsa ta dafa bangon, a kan gemun. “Sai dai ka rage mata haƙoran nan. Ba ta taɓa cin kowa ba. Tun da na saka ta a ruwan, tafkin bai sake ɗaukar ɗan kowa ba.”

Ya buɗe gwangwanin fenti, ya fara da na sama.