Gayyar Baba Choji

Almu ya kashe mota a bakin gonar, har ya kai hannu zai buɗe ƙofa, sai ya hango maƙwabcinsa ta tsakanin shinge. Baba Choji ne duƙe a cikin taba, ƙafa ba takalmi, sanye da wata riga mai kaushi kamar buhun gero. Turawa 'yan yawon buɗe ido sun yi masa zobe, kowa da kyamara a ido.

Gonar tarihi ce a bakin kogin Potomac, ba nisa da garin Clinton inda suke zaune. Nan ake nuna wa jama'a noman zamanin da Ingila ke mulkin Amurka: ba inji, sai fartanya da ƙarfin ƙugu, a sare taba a rataye a rumfa, in ta bushe a yi musayarta da gishiri da yadi. Dokar wurin kuwa, duk mai shiga fili sai ya sa tufafin wancan zamani.

Tsohon mutumin Vom ne. 'Yarsa Chundung, wadda ke aikin nas, ita ta kawo shi Amurka wai ya huta, hutun ya ƙi karɓarsa. Sai da ya sami aikin gonar nan ya murmure, har da ƙiba.

Makon jiya ne ya bi gidajen 'yan Najeriya ɗaya bayan ɗaya, yana tafe yana hutawa.

"Injiniya, gayya nake kira ran Asabar," ya ce wa Almu. "Ƙirjin nan ya ƙi ni bana, kuma sanyi na sauka taban zai ƙone. Manaja ya ce in kawo mutanena, akwai riguna."

"Haba Baba, wannan har sai ka taso? In sha Allahu ni ne na farko."

Kowa haka ya amsa, da likita da malamin jami'a. Amma tsohon na juya baya zance ya sake. Wani ya ce, "Mu da digirinmu, mu sa rigar bayi Bature ya ɗauke mu hoto?" Aka kwashe da dariya, har da Almu. Shi dai a ransa ya ƙudurta zai je. Ɗan manomi ne daga Malumfashi, ya san abin da ake kiran wanda aka gayyata ya noƙe.

Ga shi ya zo ɗin, amma ko motar mutum ɗaya cikin mutanensu bai gani ba. A gindin wata bishiya ga ƙatuwar tukunya a rufe kan murhun duwatsu, ga kwanoni an jera. Baba Choji ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙugu, ya kare rana da tafin hannu yana duban wajen ajiye motoci.

Almu ya zame cikin kujera. To idan akwai ɗan ofishinsu cikin masu kallon nan fa? Ran Litinin a manna hotonsa a bango? Babu fuskar da ya sani a wurin, ya duba ya sake dubawa. Duk da haka ya tayar da mota, ya ja da baya a hankali kamar wanda ya ɗauki abin wani.

Da la'asar tsohon ya faɗi a tsakiyar taba, adda a hannu. Kafin a taso daga coci ran Lahadi ya cika a asibiti.

Ashe unguwar na da mutane! Motoci har kan ciyawar maƙwabta, manyan riguna da kwat sun cika falon Chundung, kowa na ba da labarin kirkin mamaci. Almu ya raɓe kusa da ƙofar kicin, kunya ta hana shi ɗaga kai. Da Chundung ta zo wucewa da faranti ya miƙe.

"Sannu da haƙuri. Allah ya ba da dangana. Jiya ɗin nan, ofis ne suka..."

"Ba komai, Injiniya," in ji Chundung, idonta jawur. "Ai ya ga motarka. A asibiti yake ce mini, 'Ko ba kowa, Almu ya zo. Ƙofar shiga ce bai gane ba, ki ba shi haƙuri, da na tsaya masa a bakin hanya.'"

 Almu ya gwammace ta zage shi a gaban jama'a.

Ta ɗauko kwano ɗaya daga farantin ta miƙa masa. Gwate ne na tsakin masara da alayyafo.

"Ka ci. Na gayyarku ne, da hannunsa ya dafa. Ba wanda ya taɓa, ɗumamawa kawai na yi."

Ta wuce tana raba wa sauran. Falon ya cika da ƙarar cokula, wani ma yana yaba daɗin yajin. Almu ya zauna da kwanon bisa gwiwa, zafinsa na ratsa wando, yana kallon tururin yana raguwa har saman gwaten ya kama.